Ranar da Ruwa Ya Ɗauke a Ɗakin Jarrabawa

Nura ɗan ƙanwata ne ya zo mini da abokansa biyu ran wata Asabar, wai sun gama makaranta, aiki bai samu ba, za su buɗe lesin a bakin kasuwa su riƙa shirya yara jarrabawar kammala sakandare. Na ce madalla, me kuka tanada? Ya ce sun kama shago, sun sayi farin allo irin na zamani, sun kuma sauke tsofaffin tambayoyi fal cikin waya.

"Kawu, ai abin ba wuya," in ji shi. "Ka ba yaro tambaya da amsarta, ya haddace. Shi ke nan."

Na ce, "Shi ke nan, ko? To ku jawo benci."

Ni Malam Habu, na haura shekara talatin ina wannan aiki tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, da safe a ajin gwamnati, bayan la'asar a rumfar ƙofar gidana. Alli ya cinye mini yatsu, ya cinye mini murya. Abin da na faɗa wa su Nura ran nan shi nake so in ajiye a nan, don na ga irinsu sai yawa suke, kowa ya ɗauka hadda ita ce maganin jarrabawa.

A Gwaram na koyi aikin, a hannun marigayi Malam Garba, wani gajeren dattijo mutumin Sara mai koyar da ilimin halittu, wanda yara ke kira bayoloji. Ranar da na je masa da sabuwar takardar shaidar malantata ina ji da kaina, sai ya nuna mini bencin ƙarshe. Ya ce, "Zauna can. Kada ka kalli allo, ni na san abin da ke kan allo. Yaran za ka kalla." Zango guda cur ban taɓa alli ba. In an tashi sai ya tambaye ni wa ya gane, wa bai gane ba. Ranar farko na lissafa masa masu gyaɗa kai. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai, Habu! Waɗannan ai hankalinsu yana gonar babansu." Daga nan na koyi kallon hannu. Wanda ya gane, hannunsa kan motsa tun malam bai rufe baki ba. Mai tauna murfin biro yana kusa, a ɗan jira shi. Wanda kuma ya kafa wa rufi ido leɓensa na rawa, karatun yana cikinsa, amma daga farkon shafi yake jawo shi.

Kayan aikina ba su da yawa. Allon katako da nake shafewa da baƙin tsohon batir, da alli, da agogon bango da nake ratayewa a inda kowa zai gan shi, sai ƙwarya. Nura ya yi dariya da na ce ƙwarya, wai ko fura nake dama wa 'yan aji. Ƙwaryar nan gadon Malam Garba ce. A cikinta akwai 'yan takardu a nannaɗe, kowace da tambaya ɗaya daga ko'ina cikin littafi. Yaro ya sa hannu ya zaro, ya rufe littafinsa, ya dubi agogo, ya rubuta. Ba a buɗe littafi sai an gama, sannan a duba inda aka yi tuntuɓe. Dalili kuwa, yaranmu kusan duk ta makarantar allo suka biyo. Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba su, shafi guda su haɗiye shi kafin rana ta faɗi. Amma yadda suka saba, daga sama ake farawa a gangaro. Mai jarrabawa kuwa ba ruwansa da sama, daga tsakiya yake cafko ka, ya kuma juya maka tambayar ta baya. Kafin yaro ya gangaro daga farkon babi zuwa inda amsa take, an ce a ajiye biro.

Iyaye su ne abokan cinikinka, ba yara ba, kuma kowa da irin tasa. Akwai wanda zai kawo maka yaro ana gab da farawa ya ce ka ɗura masa karatun shekara uku. Akwai wanda ruwan shuka na sauka zai janye ɗansa gona, ba kuwa za ka ga laifinsa ba, don jarrabawar nan da farkon damina tare suke zuwa. Irin wannan sai ku zauna ku raba rana: bayan asuba kafin a fita gona, na littafi ne, kada a taɓa maka shi. Akwai uwar da za ta aiko da rubutun sha a kwalba, in ce a sha, Allah ya sa albarka, amma a dawo a sa hannu a ƙwarya. Akwai kuma mai babbar riga da zai ja ka gefe ya ce ko da yadda za a yi a taimaka wa yaro a cikin ɗaki. Wannan nakan raka shi har bakin hanya in ce ya gaida gida.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina, an sa ni cikin malaman da ke sa ido a wani ɗakin jarrabawa a Birnin Kudu. Takardar bayoloji ce, bayan azahar. Babban mai sa ido, wato sufabaiza, baƙo ne daga wata jiha, mutum mai tsare gida, ba ya wasa da aikinsa. A layin tsakiya akwai wani dogon saurayi siriri, Ɗahiru, ɗan Alaramma Malam Isiyaku na Yalwan Damai. Ba ɗalibina ba ne a lokacin, amma wa bai san shi ba? Ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami, in yana karatu a masallaci da azumi har masu wucewa sukan ci birki.

Ba a daɗe da farawa ba hadari ya haɗo, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Rufin kwano ne, ba silin. Ko na kusa da kai ya yi magana ba ka ji. Ina kai-komo tsakanin layuka na hango Ɗahiru yana ɗan jijjiga gaba da baya kamar yadda ake yi a gaban allo, biro sai gudu yake. Ashe shi duk karatunsa na boko da murya ya haddace shi, da irin sautin tilawa, kuma ba ya fito masa sai kunnensa ya ji. Kullum ƙasa-ƙasa yake yi, ba mai lura. Ran nan ƙarar kwano ta hana shi jin kansa, sai ya riƙa ɗaga murya yana ƙarawa bai sani ba.

Kun dai san ruwan farkon damina. Ɗif! Ya ɗauke kamar an rufe famfo.

Ɗaki ya yi tsit, sai murya ɗaya tak, garau, tana rera yadda jini ke fita daga zuciya ya zaga jiki, da Turanci, da ƙira'a. Amsar ɗaya daga cikin tambayoyin ke nan, daga kai har ƙafa. Idonsa na kan takarda, bai ma san ruwa ya tsaya ba. Na zabura zan kai gare shi, sufabaiza ya riga ni.

Ya tsaya a kansa ya karɓe takardar. Na roƙi mutumin nan, shugaban makaranta ya roƙa. Na ce ranka ya daɗe, sabo ne, haka ake karatu a nan. Ya ce shi abin da ya ji da kunnensa zai rubuta, ɗalibi ya karanta amsa a bainar jama'a. Ban kuwa iya cewa ƙarya ya yi ba. Aka soke sakamakon Ɗahiru, aka haɗa da na yara biyu da ke gefensa, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kafin mako ya zagayo, daga Kangire har Sara magana ɗaya ake yi a majalisa: an kama ɗan Alaramma da satar amsa.

Bayan an gama girbi, Alaramma ya zo rumfata da kansa, Ɗahiru na bayansa kai a sunkuye. Na miƙa masa kujera, ya ƙi, ya zauna a tabarma. Da muka gama gaisawa bai yi kewaye-kewaye ba.

"Malam Habu, an ce kana ɗakin."

"Ina ciki, Alaramma."

"Ɗana ɓarawo ne?"

"Wallahi ba ɓarawo ba ne. Bakinsa ne ya saba."

Alaramma ya gyara zama. Sannan ya ce yaron ya ƙwallafa rai a karatun aikin asibiti, ba ya ci ba ya sha sai zancensa. "'Yan'uwana kuwa sun ce a bar bokon nan haka, abin kunyar ya isa. Na ce musu a ba shi sau ɗaya. Na yi musu alkawari a gaban mutane, in ya faɗi, ko aka sake jin kansa, ya dawo gona da tsangaya, ba mai ƙara tada zancen. Ni kuwa ba na magana biyu. Ga shi nan."

Na karɓe shi. Na kuma bi yara biyun nan har gida na jawo su rumfa. Shi Ɗahiru muka yi masa rajista ta wata makaranta a Gwaram, inda ba a san fuskarsa ba.

Ƙwarya ba ta daɗe tana ba shi wuya ba. Da farko kam ya sha kashi, in ya zaro tambaya kan ƙoda sai ya faro daga farkon babi. Na ce, "Kai, in Alaramma ya ɗauko maka aya daga tsakiyar sura, komawa kake farkon surar?" Ya ce a'a. Na ce to haka nan. Na kuma sa duk abin da ya karanta da Turanci ya tashi ya faɗa wa aji da Hausa, irin Hausar da kakarsa za ta gane. Wanda ya iya wannan, ta ko'ina aka juya masa tambaya ba ya ɓata. Kafin zafi ya shigo ya wuce kowa a rumfar.

Shirun ne ya gagara. Na kafa doka, Laraba da Asabar zaman kurame ne: agogo, takarda, ba tari ba motsi. Sai Ɗahiru ya riƙe biro ya ƙame. Zufa na ɗiga a takarda, takarda fara fat. In na ce to faɗa mini da baki, sai ya zubo shi tas ba gargada. Na sa ya ciji murfin biro, ya tauna shi ya fashe. Na sa ya guntsi ruwa, ya ƙware har da hawaye. Wata rana ya ajiye biro ya ce, "Malam, in na rufe baki sai in ji kamar an kashe fitila a kaina." Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, jadawalin jarrabawa ya fito. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba.

Ran wata Lahadi na goya shi a babur muka tafi Yalwan Damai. Muka tarar da Alaramma a zaure, ɗalibai na ta karatu, hayaniya kamar kasuwa ta ci. Amma da ɗaya ya yi kuskure can a lungu, sai ya ɗaga kai ya kira sunansa ya gyara masa, ko duba wajen bai yi ba. Na zayyana masa komai. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya juya ga ɗansa.

"Kai, da azahar karatu kake yi a sallah, ko tsayuwa kawai?"

"Ina karatu, Baba."

"Wa yake jin ka?"

"Ba kowa."

"Kai fa, kana jin kanka?"

Ɗahiru ya ce, "Ina ji. A ciki."

"Harshenka?"

"Yana motsi."

Alaramma ya dube ni ya ce, "Malam, an hana shi murya an haɗa da harshe. A bar masa harshen. Ya rufe leɓe, harshe ya yi aikinsa a ciki." Ya sake duban ɗansa. "Jarrabawar nan azahar ce, ba magariba ba. Ka ji ko?"

Washegari muka gwada. Ya zaro takarda a ƙwarya, ya haɗe leɓe, muƙamuƙinsa na ɗan motsi kamar mai tsotsar tsamiya. A hankali biro ya tashi. Ya cika shafi, ya juya. 'Yan aji suka so yin tafi, na watsa musu harara.

Amma ni ban manta da ruwa ba. Na samo tsohon fallen kwano na jingine a bayan rumfa, na raba wa 'yan aji sanduna. Ɗahiru na rubutu su yi ta dukan kwano, in na ɗaga hannu su tsaya cak. Yara biyun nan da aka soke tare da shi su suka fi kowa zuba wa kwanon duka, ban kuma hana su ba. Karon farko muryarsa ta fito. Na biyu ma ta fito. Maƙwabta suka aiko ko lafiya, uwargidana ta ce Malam ya fara taɓuwa. Muka yi ta yi har shirun ya fara zama. Amma a gwajin ƙarshe, bayan ya yi ta tsallakewa lafiya, da na ɗaga hannu sai wani ɗan sauti ya kuɓuce masa, ƙasa-ƙasa, amma na ji, shi ma ya san na ji. Muka kalli juna. Na ce ya isa, rufe littafi. Jajibirin jarrabawa ba a karatun sabo, a ci abinci a kwanta da wuri.

Ranar bayoloji na nemi izini a wurin aiki na tafi Gwaram. Ba a barin kowa ya shiga harabar, sai na tsaya a gindin wata darbejiya a bayan shingen waya, daidai tagogin ɗakin. Ina tsaye sai ga Alaramma, wanda bai ce mini zai zo ba, da laima a hammata. Muka gaisa a taƙaice. Da aka shiga, sama garau take, har na ce alhamdulillahi a raina. Ba a jima ba iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin.

Alaramma ya ɗaga kai ya dubi ginin. "Kwano ne rufin?"

"Kwano ne."

Ruwa ya tsuge. Laima ɗaya, mu biyu, kafaɗata guda a waje. Daga inda muke muna jin rufin yana ruri. Ni ƙofa na kafa wa ido, don in aka kama yaro ta nan za a fito da shi. Shi kuwa dattijon rufe ido ya yi, carbin ya tsaya cak a hannunsa. Rigata ta jiƙe sharkaf, ban ji sanyi ba.

Sai ya ɗauke. Ɗif, irin na bara sak.

Ba abin da ake ji sai ruwa na ɗiga daga ganye. Alaramma ya karkata kai wajen taga, da kunnen nan da ke tsinto kuskuren yaro ɗaya cikin hayaniyar zaure. Sai ƙofa ta buɗe. Na kama shingen waya, na ce shi ke nan, an fito da shi. Ashe wani malami ne ya leƙo da tsintsiya, ya share ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa, ya koma ciki.

Can Alaramma ya buɗe ido ya ce, "Ban ji shi ba."

Na ce, "Ko nisa ne, Alaramma?"

"Ɗahiru ko a bayan gari yake karatu ina jin sa. Ban ji shi ba." Ya goge fuska da hannun riga, ko ruwan sama ne ko wani abu ban tambaya ba. "Tun yana ɗan mitsitsi nake masa tsawa, ɗaga murya, ɗaga murya. Yau ga ni a gindin bishiya ina roƙon Allah ya yi shiru."

Amma ni hankalina bai kwanta ba. Shirun nan iri biyu ne, kuma na ga duka biyun a rumfata. Akwai na mai rubutu, akwai na wanda fitila ta mutu a kansa, yana zaune da farar takarda yana zufa. Haka na ci gaba da tsayuwa da wannan tunani yana ci na har aka buga ƙararrawa.

Yara suka fito a guje suna surutu. Ɗahiru yana cikin na ƙarshe, yana tafiya a hankali. Ban kalli fuskarsa ba, hannunsa na kalla, yadda Malam Garba ya koya mini. Yatsansa na tsakiya ya lotsa inda biro ya danne, gefen hannun duk tawada.

Na ce, "Yaya?"

"Na amsa duka, Malam." Muryar a dishe, kamar wanda ya wuni yana ihu.

Da sakamako ya fito ya ci bayoloji, ya ci sauran. Yanzu haka yana aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwaram, in yana karanta takardar magani za ku ga leɓe a haɗe, muƙamuƙi na ɗan motsi. Da na kawo nan, Nura ya sosa ƙeya ya ce, "To Kawu, yanzu me za mu fara saye?" Na ce ba abin da za ku saya. Litinin bayan la'asar ku zo rumfa, akwai benci a can baya, kada wanda ya taɓa mini alli.

Amma ban ƙarasa musu labarin ranar jarrabawar ba sai da suka miƙe za su tafi. A hanyarmu ta komawa gida, ni da Alaramma da Ɗahiru, motar haya ta sha laka, magariba ta riske mu tun ba mu fita ƙasar Gwaram ba. Direba ya tsaya a bakin hanya, fasinja suka yi alwala, aka shimfiɗa buhuna da tabarmi a inda ƙasa ta ɗan tsane. Kowa ya ga farin gemu, aka ce Alaramma bisimilla. Ni a sanina da shi ban taɓa ganin ya bi wani na ƙasa da shi sallah ba. Ya taka gaba, ya tsaya, sai ya juyo ya kamo hannun Ɗahiru, hannun nan mai tawada, ya tura shi gaban sahu, shi ya dawo ya tsaya kusa da ni.

Ɗahiru ya waiwayo a firgice. "Baba?"

"Wuce ka ja mu," in ji Alaramma. "Magariba ce. Ɗaga muryarka."